Awarwaro a Barandar Abba

Saura kaɗan Shiuli ba ta rubuta wannan labarin ba. Da tsofaffin ɗaliban surukinta suka ce za su haɗa ɗan littafi don cikarsa shekara saba'in da biyar, kowa ya kawo abin da ya tuna, sai ta ce ita a cire ta. Aji biyar ta yi a makarantar ƙauyensu, rubutunta ma gangarowa yake yi kamar zai zubo daga takarda. Sau uku tana farawa da "ni", sau uku kunya na sa ta yage. Da ta gwada da "ita", kamar labarin wata take bayarwa, sai hannun ya saki.

Surukin nata shi ne Farfesa Mokbul Pramanik, amma a gida Abba ake ce masa. Shekara talatin da shida ya yi yana koyar da adabi a jami'a a nan birnin Rajshahi, da keke ɗaya da lema ɗaya. Ya rubuta littattafan gajerun labarai guda huɗu, waɗanda shi da bakinsa yake cewa gara ce kaɗai ta kai ƙarshensu. Abin da aka san shi da shi fassara ce. Littafi goma sha tara ya juyo daga Turanci da Farisanci zuwa Bangla, harshen ƙasar. Lokacin yaƙi, sa'ad da kowa ke binne zinaren matarsa, shi takardun fassararsa ta farko ya cusa a tulu ya binne a gindin mangwaro. Matarsa Hasna Banu, wadda 'ya'ya ke kira Ammu, har ta tsufa tana yi masa gori da wannan.

Ammu ce ta zaɓo Shiuli daga ƙauyensu ta aura wa autanta Mintu, wanda ya gudu daga boko ya koma gyaran injin jiragen ruwa a bakin kogin Padma. Ita ma Ammu aji uku ta yi. Shekara biyu Shiuli tana hango tsofaffin nan daga madafa. Duk babin da Abba ya gama fassarawa, bayan shayin safe sai ya fito da kujerarsa baranda, Ammu ta shimfiɗa tabarma ta ɗauko ɗinkin kantha, bargon nan da ake yi da tsofaffin zannuwa, shi yana karantawa da ƙarfi ita tana ɗinki. Shiuli ta ɗauka hira ce irin ta waɗanda suka daɗe tare.

Da damina Ammu ta rasu. Ta bar bargo rabi, littafi na ashirin kuma ya tsaya a babi na goma sha huɗu. Abba ya daina aski, ya daina fita bakin kogi. Kifin da Shiuli ta cire masa ƙaya yakan dawo madafa yadda ya tafi. Wata huɗu ba a ji muryarsa a baranda ba.

Bayan girbin shinkafa Ronjit Saha ya zo daga Dhaka, babban birnin ƙasar, da tukunyar kindirmo mai zaƙi a hannu. Tsohon ɗalibin Abba ne, yanzu shi ke buga masa littattafai.

"Malam, baje kolin littattafai na Fabrairu saura wata uku. Babi bakwai ne fa kawai suka rage."

"Kai da ka shekara biyu kafin ka kawo mini shafi goma, yau kai ke ƙirga mini kwana?"

"Ai shi ya sa na shiga wannan sana'ar, Malam, don in rama."

Abba bai yi dariya ba, amma bai kore shi ba. Bayan mako guda Shiuli ta ji ƙarar jan kujera a baranda.

"Uwata," ya kira ta, don haka yake ce mata tun ranar da aka kawo ta gidan. "Ɗauko ɗinkin nan na Ammunku ki zauna. Ba sai kin ce komai ba. Ki yi ta ɗinkinki."

Ta ja gefen sarinta, dogon zanen da take naɗawa a jiki, ta rufe kai, ta zauna can ƙarshen tabarma. Labarin wata mata ne, matar makiyayin tumaki a wata ƙasa mai duwatsu da ƙanƙara. A babin nan matar ta tsinci ɗan rago jariri da sanyi ya kusa kashewa, ta sa shi cikin rigarta a jikin fata, ta yi ta tafiya da shi tana jin bugun zuciyarsa yana raguwa. Shiuli ba ta taɓa ganin ƙanƙara na sauka ba, amma ta taɓa rungumar ɗan akuya a ambaliya. Ba ta san lokacin da allura ta tsaya a hannunta ba. Abba bai ɗago kai ba, ya dai sa jan fensir ya yi 'yar alama a gefen shafi. Ta ga gefen bakinsa ya motsa.

Da yamma Mintu na wanke baƙin mai a gindin famfo, ita tana buga masa ruwa, ta ce, "Ka ji, yau Abba ya yi murmushi."

"A ina kika tsaya?"

"Na tsaya da me?"

Ya dube ta ya bushe da dariya. "Au, bai gaya miki ba? Awarwaronki yake saurare, baiwar Allah. Idonsa na kan takarda, kunnensa na kan hannunki. In awarwaro ya yi shiru, labari ya kama ki ke nan, wurin ya yi kyau. In ya yi ta kacau-kacau shafi biyu, shafi uku, sai ya soke ya sake daga farko. Shekara arba'in da wani abu Ammu na yanke masa hukunci da awarwaron gilashin hannunta. Manyan farfesoshi na yabonsa a jarida, ba su san alƙaliyar aji uku ta yi ba."

Shiuli ta saki hannun famfon. "To me ya sa ka gaya mini?"

"Ke kika tambaya."

"Ni ban tambaye ka ba!"

Daga ranar hannayenta suka zame mata kaya. Da aka zo babi na goma sha biyar, labarin ba ta ji sosai, kanta take ji. Awarwaro goma sha biyu, shida a kowane hannu, duk jan zare sai sun yi magana. Shafi ɗaya ya wuce suna kacau-kacau, na biyu ya wuce. Ta saci kallon Abba. Kafaɗunsa sun fara sauka, muryarsa ta yi ƙasa, ta koma irin wadda yake ce mata "na ƙoshi" da ita a watannin nan huɗu. Sai ta tsayar da allura. Nan take muryar ta miƙe, jan fensir ya taɓa takarda.

Ta ce wa kanta sau ɗaya ne. Kashegari ta yi sau uku. Kafin babin ya ƙare ta koyi inda yake son a tsaya, don yakan ɗan ja numfashi kafin wurin da yake alfahari da shi.

Abba kuwa ya farfaɗo. Ya kira wanzami. Ya koma zagayen safiya a bakin kogi da rawanin ulu a wuya, yana dawowa da ruwan dabino a kwalba. Ranar da ta yi wainar shinkafa da kwakwa, biyar ya ci yana neman ƙari.

"Ammunku rowa gare ta," ya ce wata safiya yana ƙirga jajayen alamu. "Babi guda sau biyu take tsayawa, in ta yi kirki sau uku. Ke kuwa yau sau tara! Ashe sai da na tsufa na iya aikin."

Shiuli ta sunkuyar da kai kan bargon. Mako shida tana kansa, ɗan kifin da Ammu ta fara zanawa da shuɗin zare har yanzu ba shi da wutsiya.

A babin ƙarshe wani mutum ya zo ya shaida wa matar cewa ƙanƙara ta rufta wa mijinta a kan dutse. Matar ta buɗe baki ta yi magana shafi ɗaya da rabi. Ta ce fitilarta ta mutu, wata ya faɗi, ita jirgi ce da ba matuƙi a tsakiyar kogi. Kalmomin manya ne masu daɗin ji, muryar Abba har rawa take. Shiuli kuwa hankalinta ya tafi kan miyar wake da ta bari a wuta, ko ta kama. Duk da haka ta tsaya sau huɗu.

Da ta koma madafa sai uwarta ta faɗo mata a rai. Tana da shekara tara jirgin babanta ya kife a Padma. Sa'ad da aka zo da labarin, uwar na tsince tsakuwa daga shinkafa a faifai. Ta dubi masu kawo saƙon ta ce, "Ko karyawa bai yi ba ya fita." Ta ci gaba da tsinta har faifan ya ƙare.

Ranar Laraba Abba ya jera babobin duka, ya ɗaure su da jan zare. Ronjit zai iso kashegari a jirgin ƙasa ya tafi da su. Kafin ya ɗaure sai ya zaro shafin farko ya miƙa mata.

"Karanta da kanki, uwata. Na yi shi da manyan baƙaƙe."

Ta bi shi da yatsa a hankali. An rubuta: ga Hasna Banu, wadda ta saurari babi goma sha uku, da Shiuli, wadda ta saurari sauran. Hannayensu ba su taɓa yi mini ƙarya ba.

Ta mayar masa da hannu biyu, ta fita da sauri. Ya ɗauka kunya ce.

Da Mintu ya dawo ta tare shi tun a ƙofa, ta gaya masa duka. Ya ajiye jakar sufanu ya zauna a kan dakali.

"Kai ka gaya masa," ta ce.

"Ni? Mutumin da har yau in ya gan ni da jarida yake tambaya ko hotuna nake kallo?" Ya sosa ƙeya. "Ki bar shi mana. Wa zai sani? Ronjit ko jerin cefane Abba ya ba shi bugawa zai yi. Mutum ya tashi, yana cin abinci, yana zagina kamar da. In kika faɗa ya koma ɗaki ya kwanta fa? Wannan karon wa zai tashe shi?"

Abin da take tsoro ke nan. Ta dai ce, "Sunan Ammu na kan takardar. Kusa da nawa."

Ranar Alhamis hazon kogi ya rufe har mangwaron tsakar gida. Ta kai wa Abba shayi, ta tsaya, bakinta ya ƙi buɗuwa. Ta koma ta kawo biskit. Ta sake komawa ta kawo ruwa, wanda bai nema ba.

"Lafiya, uwata? Ko tukunyar za ki kawo gaba?"

"Abba," ta ce, "da za ku sake karanta mini babin ƙarshe."

Fuskarsa ta washe. "Kin ji! Shekara talatin da shida ba ɗalibin da ya taɓa cewa in maimaita." Ya kwance jan zaren da kansa.

Ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora bargon a cinya, ta zura shuɗin zare mai tsawo don kada ya ƙare mata a hanya. Ya fara, ta fara. Shafin farko ya wuce awarwaro na kacau-kacau. Mai kawo saƙo ya iso ƙofar matar, suna yi. Abba ya ja numfashin nan nasa, ya shiga maganar fitila da wata. Kunnuwanta suka yi zafi, gumi ya tsattsafo mata a cikin sanyin nan, amma hannun bai tsaya ba. Ya rage sauri. Ya ɗaga murya. A wurin jirgi marar matuƙi ya yi shiru ɗan lokaci yana jira, ba a jin komai a barandar sai gilashi na bugun gilashi. Ya ƙarasa sauran a gurguje. Kafin ya kai layin ƙarshe kifin Ammu ya sami wutsiya.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Can ya ce, "Tun daga wane babi?"

"Na sha biyar."

"Wa ya gaya miki?"

Ta ƙura wa bargon ido.

"Wancan jakin mai baƙin hannu." Ya juya takardun yana duban jajayen alamunsa. "Duk waɗannan, ko ɗaya babu na gaskiya?"

"Akwai biyu. Inda take yi wa mijin aski, da inda karen ya ƙi cin abinci."

"Biyu." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Ashe ke ma rowar gare ki. To me ya sa?"

"Kuna cin abinci," ta ce.

Ya daɗe yana kallon ta. Ita tabarma take kallo.

"Ƙarshen nan fa, me ya same shi? Yau kam sai kin yi magana da baki."

Sai ta ba shi labarin uwarta da faifan shinkafa, a gutsure, tana tsayawa tana ci gaba. Ta ce, "Ban san yadda matan can suke ba, Abba. Amma wannan ba ita ke magana ba."

"To wa ke magana?"

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da littafin asali da gilashin ƙara girman rubutu. Ya buɗe shafin ƙarshe ya duba, ya sake dubawa, kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Layi ɗaya ne," ya ce a hankali. "Ce masa ta yi ya ja ƙyauren garke kada tumaki su fita. Shi ke nan abin da ta ce. Ni na mai da shi shafi da rabi." Ya rufe littafin. "Shekara nawa ina hana ɗalibai zama a kujerar mai littafi, ga shi ni na zauna. Hasna ba ta ba ni damar faɗa mata komai ba, cikin barci ta tafi. Sai na ba wa baiwar Allahn nan ta cikin littafi maganata ta riƙe mini."

Da azahar ƙararrawar keken haya ta yi ƙara a ƙofa, Ronjit ya shigo da jaka a buɗe tun daga soro.

"Rufe jakarka," Abba ya ce. "Ba bana ba."

"Malam, wasa kuke! Mun buga bangon littafin, mun sanar a jarida!"

"Bango ba ya ruɓewa. Babi shida za a sake."

"Shida! Wa ya duba muku? Wane farfesan ne? Ku faɗa mini sunansa in je in same shi."

"Wadda ta fi ka kunne ce, kuma ta fi ni. Zauna ka ci abinci, ita ta dafa."

Ronjit ya dubi Shiuli da ke zuba shinkafa, ya dubi malaminsa, ya dafe kai. Ya yi ta mita har ya cinye kifi yanka uku. Da zai tafi kama jirgin yamma ya tsaya a ƙofar madafa, shi da ya san sirrin awarwaro tun zamanin Ammu, ya ce, "Ƙanwata, kin kashe ni. Amma in an sake ɗin, don Allah ki riƙa tsayawa da wuri." Ta sa masa ƙullin mazarƙwailar dabino a jakar da ya zo ɗaukar littafi da ita.

Yana fita Abba ya shiga ɗaki ya sa sakata. Takardun ya bar su a warwatse a kan kujera. Bai fito sallar magariba a baranda ba kamar yadda ya saba, abincin da ta ajiye a ƙofarsa kuma ba a taɓa ba. Mintu ya ci nasa shiru, sai da ya wanke hannu ya ce, "Kin ga abin da nake gudu."

Da gari ya waye ba ta jira a kira ta ba. Ta share baranda, ta goge raɓa daga kujerarsa. Ta tattara takardun ta jera, tana bin lambobin da yatsa har ta sami babi na goma sha biyar, ta ɗora shi a sama. Ta feƙe jan fensir da wuƙar madafa ta ajiye a kai, da kofin shayi a gefe, ta rufe shi da faranti. Sannan ta ja tabarmar daga inda ta saba zama, ta kai ta daf da ƙofar ɗakinsa. Ta zura zare, ta fara kifi na biyu, tana jan hannu da ƙarfi yadda duk awarwaron sha biyu za su yi magana.

Shayin ya kusa hucewa sa'ad da ta ji an zare sakata.

"A hankali mana, uwata," in ji muryar daga bayanta. "Ko farawa ban yi ba kin soke ni."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ɗan janye ƙafa don ya sami hanyar wucewa, ta ci gaba da ɗinkinta.